Zafin Bazara a Adar: Gini da Inuwa a Matsayin Hanyar Isar da Saƙon Kimiyya

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wata matsala da ta shafi isar da sani. Ta wace hanya sakamakon binciken masana yanayi game da tsananin zafi zai kai ga mutanen birnin Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, har ya sa su sauya wani abu a gidajensu da ayyukansu? A Turai da Amurka amsar da aka fi bayarwa ita ce a haɗa masanin kimiyya da mai fasaha, wato mai zane ko mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo, domin lamba ita kaɗai ba ta motsa mutum. Mun yarda da wannan ra'ayi bisa jimla. Sai dai abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a Adar fasahar da ta fi iya wannan aiki ita ce wadda jiki ke iya gwadawa da kansa, wato gini da inuwa. Waƙa da teyatur suna da nasu gurbin, amma ƙarfinsu yana bayyana ne idan akwai abin da za su nuna da yatsa.

2. Abin da ma'auni ke faɗi da abin da jiki ke ji

Ba Ba'adare ne za a koya wa cewa bazara tana da zafi ba. A Tawa, cikin watannin Afrilu da Mayu, matsakaicin zafin rana yana haura digiri 40, ruwan shekara kuwa bai cika wuce milimita 350 zuwa 400 ba. Wannan tsohon labari ne. Sabon abin da bincike ya fito da shi, musamman aikin masanan Faransa da Senegal da Burkina Faso a shirin ACASIS cikin shekarun 2010, shi ne cewa a yankin Sahel ƙaruwar zafi ta fi ƙarfi a watannin da dama su ne mafiya zafi, kuma zafin dare yana hawa da sauri fiye da na rana. Wannan batu na biyu shi ne mai haɗari. Jikin ɗan Adam yana riƙe da zafinsa a wajen digiri 37, yana kuma sanyaya kansa ta hanyar gumi, wanda idan ya bushe a kan fata yakan tafi da zafi. Da rana jiki yana tara zafi, da dare ya sauke. Idan dare bai yi sanyi ba kwana uku ko huɗu a jere, zuciya da ƙoda suna aiki ba hutu, kuma tsofaffi da jarirai da mata masu ciki da masu hawan jini su ne suke fara faɗuwa. Lamarin ya fi muni a ƙarshen bazara, lokacin da iskar damina ta fara shigowa da laima amma ruwa bai sauka ba, domin a lokacin gumi yana tsiyaya ne kawai, ba ya bushewa.

An ga wannan ƙarara a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi. A Kayes ta ƙasar Mali ma'auni ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da labarin mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a watan Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 ya ƙirga. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta yi nazarin wannan zafi, wanda ya haɗa har da Nijar, ta nuna cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa kimanin digiri 1.5 da rana a Mali da Burkina, da kimanin digiri 2 da dare.

A nan ne matsalar harshe take ɓullowa. Ma'aikatar yanayi tana auna zafin iska ne a cikin akwati mai inuwa da iska ke ratsawa, a tsayin da bai wuce mita 2 daga ƙasa ba. Haka ƙa'ida take a duniya duka, kuma daidai ne, don a iya kwatanta Tawa da Agadas ko Yamai. Amma digiri 44 da rediyo ya faɗa ba shi ne abin da mai dakan gero a tsakar gida take ji ba, ba kuma shi ne abin da ɗalibi ke ji a ajin da aka rufe da kwano ba, tun da fuskar kwano da tsakar rana tana iya wuce digiri 60. Bambancin 42 da 45, wanda a wurin likita babba ne, a kunnen mai sauraro ba ya nufin kome. Daɗin daɗawa, Faransanci yana da kalmar canicule wadda take ware zafi mai kisa daga zafin yau da kullum, Hausa kuwa tana da zafi da ƙuna da gumi da hucin rana, amma ba ta da kalma ɗaya da jama'a suka amince cewa tana nufin annoba. Mutuwar da ta auku a bazara akan jingina ta ga sanƙarau ko zazzaɓi ko tsufa.

Abin lura shi ne, Hausawa sun iya raɗa wa bala'i suna idan sun ɗauke shi bala'i. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba, ta 1984 kuma a wurare da dama na Nijar ana ce mata El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Suna irin wannan fasaha ce ta baka, kuma kundin tarihi ne: da shi ake ƙirga shekarun haihuwa, da shi ake gargaɗi. Zafi bai taɓa samun irin wannan matsayi ba. Birnin Sebiya na ƙasar Sifen ya gwada raɗa wa guguwar zafi suna a Yulin 2022, ya kira ta Zoe, ko da yake Hukumar Yanayi ta Duniya ba ta goyi bayan tsarin ba. A ganinmu sunan da ofis ya raɗa ba zai kama baki a Adar ba, domin sunayen yunwa daga kasuwa da bakin rijiya suka fito.

3. Darasin shekarun fari

Nijar tana da dogon tarihin amfani da fasaha wajen wayar da kai. An kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, wato radio-clubs, tun 1962. A zamanin Seyni Kountché samariya ta riƙa shirya teyatur da waƙoƙi a kan hamada da dashen itace da ci-rani, ana gasa da su a bikin matasa na ƙasa, ƙungiyar Yazi Dogo kuma ta sa wasan kwaikwayo na Hausa ya shiga gidaje ta rediyo da talabijin. Ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, sa'an nan taron Maraɗi na Mayun 1984 ya ɗora wa kowace hukuma nauyin yaƙi da hamada. Tawa kanta an san ta da gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu. Ba a rasa mawaƙa ba ke nan, ba a kuma rasa masu sauraro ba. Amma saƙon yana saukowa ne daga sama, kuma da yawa daga itatuwan da aka dasa da kiɗa da tafi ba su ga damina ta biyu ba.

Abin da ya yaɗu da gaske ya bi wata hanya dabam. A kwarin Majiya, wajen Buza, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro a 1975, layi bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakaninsu, domin karya iska. Awon da aka yi daga baya ya nuna amfanin gero a gonakin da ke bayan layukan ya ƙaru da kashi 15 zuwa 23 cikin 100. Manomin ƙauyen da ke gaba bai karanta rahoton ba, gonar maƙwabcinsa ya gani. Haka kuma a 1989 wani shiri na FIDA ya kai manoman Illela ziyara Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka da taki a kan fako. Da suka dawo suka gwada abin da ake kira tassa. Daminar 1990 ba ta yi kyau ba, sai ya zamana gonakin tassa ne suka ba da wani abu, kuma cikin ƴan shekaru fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa a wajen Badagishiri. A Kaita, shirin raya karkara da Italiya da FAO da PAM suka tallafa tun 1984 ya farfaɗo da fiye da hekta 30,000, ya dasa itatuwa wajen miliyan 18, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin dutse da haƙa, ana biyansu da abinci, saboda maza suna ci-rani.

Duk wanda ya tsaya a kan tudun Kaita ya dubi jerin rabin wata da ganuwar duwatsu da ke bin kwancin ƙasa zai ga zane ne a kan ƙasa, kuma zanen shi ne bayanin: yana nuna inda ruwa ke gudu da inda aka tare shi. Lissafin gangare da injiniya ya yi ya koma siffa da ido ke karantawa ba tare da boko ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Tambayar ita ce ko zafi, wanda ba a ganinsa, yana da irin wannan siffa.

4. Yama da Dandaji

Muna ganin yana da ita, kuma a cikin jahar Tawa take. A 1962 mutanen Yama, ƙauye a yankin Illela, suka ɗora wa Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin gina masallacin Juma'a. Ya gina shi da tubalin laka, jama'a suna kawo ƙasa da ruwa da itace, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Daga 1975 zuwa 1982 ya sake masa fasali, ya ɗora rufi a kan bakuna, ya yi tulluwa a tsakiya, ya tayar da hasumiya huɗu waɗanda ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Masu rubutu a kan Yama sun fi mai da hankali ga kyan hasumiyoyin. Mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da mai sallar Azahar yake ji idan ya shiga daga rana.

Bayanin kimiyyar ba shi da wuya. Bango mai kauri na laka yana shan zafi a hankali, yana kuma miƙa shi ciki a hankali. Idan kaurin ya kai santimita 40 ko 50, zafin da ya bugi bayan bango da tsakar rana ba ya isa ciki sai bayan sa'o'i da yawa, kuma ya iso da rauni. Rufi mai tsawo yana ba iska mai zafi wurin hawa, ƙananan tagogi na sama suna fitar da ita. Kwano kuwa ba shi da kauri ko kaɗan, da ya yi zafi sai ya watso shi kan mutanen da ke ƙarƙashinsa nan take. Maginan Adar ba su san sunayen waɗannan dokoki da Faransanci ba, amma sun san kaurin da ya dace, kamar yadda mace ta san randa ta fi bokitin roba sanyaya ruwa saboda tana tsattsafo. A kan wannan sani na randa ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta ba shi lambar Rolex a 2000.

To, me ya sa ake barin laka? Dalilan na gaske ne, kuma bai kamata mai bincike ya raina su ba. Soro yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, ruwan sama mai ƙarfi yana rusa shi, azara da sauran itacen rufi sun yi tsada tun bayan farin shekarun 1970 da 1980. Sa'an nan akwai maganar daraja. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, kuma wanda ya dawo daga Abijan ko Legas ko Libiya yana son a ga guminsa, abin da ake gani kuwa shi ne bulo na siminti da tol mai ƙyalli. Masana'antar siminti ta Malbaza, wadda take aiki tun shekarun 1960, a cikin jahar take. A idon matashi laka alamar wanda bai je ko'ina ba ce. Ke nan matsalar ba ta rashin sani ba ce, kowa ya san ɗakin kwano ya fi zafi. Matsala ce ta abin da ake ɗauka kyakkyawa, kuma wannan fage na mai fasaha ne kafin ya zama na masanin yanayi. Shirin gini ba tare da itace ba, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara a Nijar wajen 1980 da bakuna da tulluwa na tubali zalla, ya warware matsalar azara, ya horar da magina da dama, amma bai kawar da wannan kallo na raini ba.

Nan ne aikin Dandaji yake da muhimmanci. Tsohon masallacin wannan gari shi ma aikin Falke Barmu ne, kuma ya lalace har ana maganar rushe shi a yi na siminti. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. An kammala wannan cibiya mai suna Hikma a 2018. An gayyato tsofaffin maginan da suka yi aikin farko suka shiga gyaran. Sabon ginin an yi shi da tubalin jar ƙasa da injin ke matsewa, wanda yake da kaifin gefe da ƙarfi irin na bulo amma yana riƙe da halin laka wajen zafi. Iska tana shiga tana fita ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma an yi tafki a ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina don shayar da itatuwan farfajiya. A kasuwar garin kuma Mariam Issoufou ta kewaye wata tsohuwar itaciya da rumfunan tubali, ta kafa faifan ƙarfe masu launi iri-iri a tsayi daban-daban, suna jefa inuwa kamar ganye, iska tana wucewa ta tsakaninsu.

Abin da waɗannan gine-gine suka yi shi ne sun raba laka da talauci a idon mai kallo. Ɗan ci-ranin da ya ga manyan gine-ginen Abijan zai shiga masallacin Dandaji ya ga bai gaza su ba, fatarsa kuma ta gaya masa sauran bayanin. Masallaci da kasuwa sun fi kowane allon talla, domin mutum yana zuwa da ƙafarsa sau biyar a yini ko sau ɗaya a mako, ba tare da an kira taro ba. Kwatanta wannan da zanen da Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya fitar a 2018, wato jerin layuka daga shuɗi zuwa ja, kowane layi shekara guda. Zane ne mai kyau, ya kuma zagaya duniya. Amma yana ɗauka cewa mai kallo ya san ja zafi ne, shuɗi sanyi, kuma lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama. Almajirin da ya saba da allo daga dama yake farawa, sai ya karanta cewa duniya tana yin sanyi.

5. Abin da gini bai warware ba

Kada a ɗauka laka maganin kome ce. Halin da ya sa take da sanyi da rana shi ne yake sa ta amayar da zafi da dare, shi ya sa a bazara mutane suke kwana a waje. Mun riga mun faɗa cewa dare ne yake ƙara zafi da sauri. Idan haka ne, to ɗakin laka marar tagogi masu fuskantar juna zai iya zama tarko ga wanda ba ya iya fita: tsohuwa marar lafiya, mai jego, jariri. A cikin birnin Tawa, inda filaye suke ƙanƙancewa ana cinye tsakar gida da ɗakunan haya, wurin kwana a waje ma yana raguwa, kuma namiji ya fi mace damar shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mai zanen gini da ya yi tunanin rana kaɗai ya yi rabin aiki.

Haka nan, Hikma gini ne da aka kashe wa kuɗi, injin matse tubali kuma ba a kowane ƙauye yake ba. Ga mai ɗakin kwano da ba zai rushe shi ba, dabarun da suka rage ƙanana ne: silin na zana ko tabarma a ƙarƙashin kwano, rumfa a gefen yamma, itace a tsakar gida, da shafa farin fenti ko farar ƙasa a kan rufi. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane fiye da 1,000, ya kafa tsarin gargaɗi a 2013, daga baya ya haɗa da shafa wa rufin gidajen talakawa fari. Shafen farar ƙasa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ado ne da mata suka daɗe suna yi wa ɗaki, sai dai ba a saba kai shi saman rufi ba.

A wannan mataki ne waƙa da teyatur da gidajen rediyon karkara za su yi amfani, da sharaɗin a ba su abin da aka auna a gida. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 da ACMAD da ma'aikatar yanayi ta ƙasa suna iya hango kwanakin tsananin zafi kafin su zo. Abin da ya kamata a ƙara shi ne awo a inda mutane suke kwana. Ƙananan ma'aunai masu rubuta zafi da laima kowace sa'a ba su da tsada yanzu, kuma ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa za su iya rataya su daga Maris zuwa Yuni a ɗaki huɗu na unguwa ɗaya: soron laka, ɗakin bulo da kwano, irinsa mai silin, da irinsa da aka shafa wa fari, a kuma ƙara ɗaya a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida. Ba jadawali za a kai wa jama'a ba. Za a bar ɗakunan a buɗe ne ranar kasuwa, da ƙarfe biyu na rana da kuma bayan sallar Isha'i, mutane su shiga su fita, mai ma'auni yana tsaye yana faɗin lambar kowane ɗaki, har lambar ta haɗu da abin da fata ta ji. Ya kamata a ware wa mata nasu lokacin shiga, a kuma sa magina da masu walda na garin cikin masu bayani, tun da su ne mai gida yake tambaya kafin ya sayi kwano.